Gyara Hularka, Kar Ka Motsa

Mai sayar da riɗi a kasuwar Dungas, idan ta gama auna maka tiya, kana da damar ka ce, “Inna, ba gyara?” Sai ta ɗebo ɗan tafin hannu ta zuba a kai. Babu abin da ya lalace a cinikin: awo ya cika, kuɗi sun shiga hannu, amma ba a rabuwa sai an gyara. Liman kafin ya tayar da kabbara yakan waiwayo ya ce a gyara sahu. Mai amalanke yana tafe yana “gyara, gyara,” baƙo a ƙofar gida yana gyaran murya don a san da mutum, amarya ana kai ta gyaran jiki, gidan kaso ma a Najeriya an sake masa suna ya koma gidan gyaran hali. Duk inda kalmar ta sauka, abin da ta sauka a kansa yana da sauran amfani. Ba a gyaran abin da ya mutu, yar da shi ake yi ko a binne. Wanda ya ce “a gyara” ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa abin nan ya cancanci a ci gaba da zama da shi.

Cikin sana'o'in da na sani, babu wadda kalmar nan ta fi yawa a bakin mai ita kamar ɗaukar hoto irin na da.

Mutumin karkara a wancan zamani ba marmari ke zaunar da shi gaban kyamara ba, takarda ce. Katin ɗan ƙasa, takardun jarrabawar yaron da ke lakwal, fasfon wanda Allah ya kira Makka, kowanne sai da hoto. Har malamin da ke ƙyamar hoto a wurin karatu, ranar da kujerar Hajji ta samu, shi ma yakan zo ya zauna a bencin. Sai a 2011 aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da Malawa da Gushi da Dogo-Dogo a ƙarƙashinta. Kafin nan yawancin sha'anin takarda Magarya ake nufa da shi, wani har Damagaram. A bakin irin waɗannan ofisoshi, da kasuwannin mako har zuwa Maigatari a tsallaken iyaka, mai hoton akwati ke kafa ƙafafunsa uku, ya rataya baƙin ƙyalle a jikin katanga, ya jira.

Yaran yanzu ba su san shi ba, don haka bari in faɗi yadda yake. Akwatin katako ne da mutum zai iya runguma. A gaba akwai ido na gilashi. A baya akwai 'yar ƙofa da mai hoto ke leƙawa ya hango siffarka a jikin wani gilashi mai dishi-dishi, kanka a ƙasa, ƙirjinka a sama, domin haske a miƙe yake tafiya, in ya ratsa ƙaramar kafa na sama ƙasa yake sauka. Masani Ibn al-Haisam ya yi bayanin wannan a Alƙahira, da fitilu da ɗaki mai duhu, tun kafin rasuwarsa wajen 1040. A jikin akwatin an ɗinke hannun riga baƙi, ko ƙafar tsohon wando, ta nan mai hoto ke zura hannunsa ciki ba tare da haske ya bi shi ba. A ciki akwai takardar hoto da 'yan faranti biyu na ruwan magani.

Kafin hannu ya shiga, sai an gyara ka. “Baba, gyara hularka. Ɗago haɓa kaɗan. Hajiya, a gyara mayafi, ya rufe goshi.” Ya taso da kansa ya daidaita maka wuyan riga, ya juya kafaɗarka, ya koma ya leƙa, ya sake dawowa. Duk wannan ɗawainiya takarda ce ta jawo ta: tsada gare ta, daga Kano ko Damagaram ake sayo ta, kuma ba ta yafiya, abin da ya shiga ya shiga. Sa'an nan ya ce “kar ka motsa,” ya cire marufin idon, ya ƙirga a zuci, ya mayar.

Takardar an shafe ta da gishirin azurfa, wanda haske ke taɓawa ya bar alamar da ido ba ya gani. Ruwan farko ke tono alamar, ya baƙanta duk inda haske ya sauka. Na biyu ya narkar da gishirin da ya rage, don kada rana ta ƙarasa cinye hoton. Sai a ɗauraye a bokiti. Abin da ke fitowa a karon farko abin tsoro ne: fuska fara fat, farar hula baƙa ƙirin, haƙora baƙaƙe. Dodo muke ce masa muna yara. Mai hoto ya manna dodon da danshinsa a kan wani ɗan allo da ke tsaye gaban idon, ya sake ɗaukarsa, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, mutum ya bayyana.

Daga cikin bokitin nan muka samo yawancin kalmomin da muke zancen hoto da su har gobe. Yarinya za ta shiga shago da waya a hannu ta ce a wanke mata hotuna, alhali na'urar da za ta buga su ba ta san ruwa ba. Muna cewa hoto ya fito, domin a da fitowa yake yi sannu a hankali daga cikin farar takarda, mai hoto na kallonsa ta wata 'yar taga mai jan gilashi. Muna cewa ya ƙone idan haske ya yi masa yawa. Sana'ar ta tashi, kalmominta sun ƙi bin ta. Gyara ce kaɗai ta sake wurin zama, kuma ba za a gane inda ta koma ba sai an fara sanin inda take a da.

Kafinta na ƙera akwati, tela na ɗinka hannun riga, maƙeri na yin ƙafafu. Idon ne kaɗai ba a yi a nan, shi ya sa ya fi komai daraja a jikin kayan. Yawanci daga wata tsohuwar kyamarar Turawa aka ciro shi, irin mai zugazugin fata da ake naɗewa, ya bi hannu-hannu daga mai gida zuwa yaronsa har aka manta wanda ya fara kawo shi. Na riƙe irinsa a Dungas, a gidan wani dattijo da ya yi sana'ar ya bari. Gara ta ci bayan akwatin, amma idon yana naɗe cikin tsumma a gwangwanin madara. A zoben da ke kewaye da gilashin an zana rubutu siriri: Carl Zeiss Jena, Tessar, 1:4,5, f=13,5 cm, sai wata lamba mai tsawo. A jikin baƙin ƙarfen da ya riƙe gilashin kuma an rubuta Compur.

Na ce, “Baba, ka san abin da aka rubuta a nan?”

Ya ce, “Ɗana, ni dai na san ɗan Jamus ne.”

Ya kuwa sani. Tessar aikin Paul Rudolph ne, a masana'antar Zeiss da ke garin Jena, a 1902: gilasai huɗu a jere, biyun baya a manne da juna. Santimita 13,5 ita ce tazarar da ke tsakanin idon da takarda idan abin ɗauka yana nesa, kuma irin wannan an yi shi ne don farantin hoto mai santimita 9 da 12. Doguwar lambar ita ce ta haihuwarsa, masana kan duba ta su faɗi shekarar da ya bar masana'anta. Tsakanin gilasan gaba da na baya akwai kafar haske, wasu ganyayyakin ƙarfe da ke tsukewa su buɗe. Lambar 4,5 ita ce iyakar buɗewarta. Daga 5,6 zuwa 8, zuwa 11, 16, 22, kowane taki yana rage rabin hasken da ke shiga, yana kuma ƙara zurfin abin da zai fito tangaran, daga kan hanci har zuwa kunne.

Compur kuwa ƙyauren haske ne, mai buɗewa ya rufe cikin lokacin da aka ƙayyade masa, daga daƙiƙa guda zuwa ɗaya bisa 200 na daƙiƙa a wannan da na riƙe. Masana'antar Friedrich Deckel ta birnin Munich ta fito da shi a 1912. Dattijon agogo yake ce masa, bai kuma kauce ba, don su ma Jamusawan daga kalmarsu ta kayan cikin agogo suka yanko wutsiyar sunan. Nasa agogon ya daɗe da tsayawa, ya bar shi a buɗe, bai taɓa damuwa ba. Takarda ba ta da saurin kama haske, daƙiƙa ɗaya ko biyu take so, hannu da marufi sun isa. Ba shi kaɗai ba ne. Ana ba da labarin cewa Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, haka ya yi ta aiki da babbar kyamararsa mai santimita 13 da 18: ƙyaurenta ya lalace, yana cire marufi da hannu, yawanci ɗauka guda ga kowane mutum. Hotunan nan su aka rataye a Grand Palais na birnin Paris a 2016, shekara 15 bayan rasuwarsa. Wanda ya dube su zai ga gyara ce zalla: yadda aka shimfiɗa zane, inda aka ɗora hannu, rediyo ko agogon da ya ara wa mai zama. Malick Sidibé, wanda aka ba lambar Zakin Zinariya a Venis a 2007, a zamaninsa shagonsa cike yake da kyamarorin mutane da yake gyarawa. A Yamai ma an yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki samarin birnin da 'yan matansa a shekarun 1960 da 1970.

Da izinin dattijon na kai idon wurin wani mai gyaran agogo a Damagaram, a wata rumfa kusa da kasuwar Dole. Bai fara da buɗewa ba. Ya sa lambar a kan daƙiƙa guda, ya ɗana, ya kai kunne, ya saki. Lafiyayyen Compur a nan yakan yi wata ƙara siririya kamar kukan gyare, ta tafi bai ɗaya, ta ƙare da “tak.” Wannan ya ɗan ja, ya yi shiru a tsakiya, ganyayyakin suka tsaya a buɗe.

Ya ce, “Malam, an ba shi mai.”

Wani mai kyakkyawar niyya, shekaru da suka wuce, ya ga abin yana nauyi ya ɗiga masa man keken ɗinki. Ganyayyakin ƙyauren sirara ne ƙwarai, a kan juna suke zamewa, kuma a bushe ƙarau aka yi su su yi aiki. Mai na shiga tsakaninsu sai su manne. Ƙurar hunturu ta zo ta tarar da man, su haɗu su zama ƙullu, zafin bazara ya gasa shi. Abin da ke kashe yawancin waɗannan ƙyamare ke nan, tsufa bai kai shi ɓarna ba.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a cikin wani faffaɗan tire, a ciki zai yi aikin duka, don a garin rairayi sifirin da ya yi tsalle ya tafi ke nan. Ya murɗe gilashin gaba da hannu ya cire, ya murɗe na baya, ya ajiye su gefe. Wani siririn zoben tagulla ya biyo na gaban, ya ɗaga shi ya nuna mini: kar wannan ya ɓata, tazarar da ke tsakanin rabin idon biyu tun a masana'anta aka auna ta, kaurin zoben nan na cikin lissafin. Sa'an nan ya ɗauko sukundireba, shi turnabis yake ce mata, irin ta masu agogo, ya kwance murfin. A ciki akwai babban sifirin da ake ɗanawa, da zoben da ke tura ganyayyakin, da wani ɗan gungu na ƙafafu masu haƙora wanda aikinsa jinkiri ne kawai: ya riƙe ƙyauren a buɗe har lokacin ya cika. Shi ke yin ƙarar nan. Ya ciro gungun ɗungurungum ya tsoma a fetur mai tsabta irin na laita, ya kaɗa, ruwan ya yi baƙi, ya sake, ya bar shi ya sha iska. Ganyayyakin ya zare su ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan ƙyallen yadda suka hau juna, don in aka saɓa jerin ba za su rufe ba. Kowanne ya goge shi har ya daina kama yatsa. Mai kuwa, da tsinin allura ya taɓa shi, ya ɗora a ƙusoshin da ƙafafun ke juyawa a kai, iyakarsa ke nan.

Da ya mayar da komai ya ɗana, ƙarar ta tafi santal. Ya gwada ta da sandar daƙiƙa ta agogon hannunsa. Masu saurin kuma ya ɗaga ƙyauren sama yana leƙen hasken da ke giftawa. Ya ce lambar ƙarshe ba ta kai yadda aka rubuta ba, sifirin ya gaji, kuma ba zai miƙe shi da ƙarfi ya karye ba. “Malam, gyara ba ya mayar da tsoho yaro. Sanin halinsa ake yi a zauna da shi. Ka rubuta a takarda cewa ɗari biyunsa ba ta cika ba, ka yi aiki da haka.”

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙusoshin nan masu murɗi. Wanda ya haɗa abu da su, bai manne shi da gam ba, ya san wata rana wani zai buɗe, wanda bai sani ba, a garin da bai taɓa jin sunansa ba, ya kuma bar masa hanya. Mai agogon nan bai taɓa karanta littafin Deckel ba, amma abin da ke ciki yana bin hankali, kowane ƙarfe ana ganin wanda yake turawa. Ka kwatanta da yaran da ke gyaran waya a bakin tashar Dungas. Hannu gare su, wasunsu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suka koyo, ba kuma raina su nake yi ba. Amma yawancin abin da aka bar musu canji ne: gilashi ya fashe a canza, batir ya kumbura a canza, kyamarar wayar ta dushe a ciro ta a dunƙule a sa wata, don a manne ta zo, ba a yi ta don a buɗe ba. Muna kiransa gyara saboda ba mu da niyyar sake wa allon shagon rubutu.

Wani abin ban dariya shi ne, masu manyan kyamarori a Tokyo da New York yanzu halinsu ɗaya da dattijon Dungas. An daina ƙera Compur, an daina Prontor na garin Calmbach, Copal na Japan ma, wanda girmansa na 0 da 1 da 3 ya zama ma'aunin kowa, ya bi sahu. Yawancin masu ɗaukar hoto da babban faranti a yau da tsohon ƙyaure suke aiki, kuma a hannun masu gyara suke, su ma suna tsufa.

Masu sha'awar waɗannan idanu ba sa gajiya da musu kan wanda ya fi. Akwai na Petzval, wanda aka lissafa a Biyana a 1840, tsakiyarsa kaifi, gefensa yana juyawa. Akwai Dagor na kamfanin Goerz, gilasai shida manne uku-uku, mai ɗaukar fili da faɗi. Akwai Heliar na Voigtländer, wanda masu hoton fuska ke so don laushinsa. Akwai kuma na baya-bayan nan, su Symmar da Nikkor da Fujinon, da aka shafa wa gilasansu wani siririn rufi mai sheƙin shuɗi ko ja. Musun nasu bai cika shafarmu ba, don matsalarmu daban take: baƙar fuska a ƙarƙashin farin rawani, cikin ranar ƙasar Damagaram. Takarda ba ta iya riƙe su biyun. In ka bi rawani fuska ta nutse, in ka bi fuska rawani ya ƙone. Shi ya sa mai akwati ke neman inuwar katanga. Tsohon Tessar kuma yana taimakonsa ta hanyar da maƙeransa suka ɗauka aibi ce. Gilashin da ba a shafa wa komai ba, duk fuskarsa da ke haɗuwa da iska tana mayar da wajen kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same ta, Tessar kuwa irin fuskokin nan shida gare shi. Hasken da ya warwatsu a ciki yana zuba kaɗan-kaɗan a wuraren duhu, ya sassauta tsananin da ke tsakanin fari da baƙi, kumatu da goshi su samu fitowa. A 1935 Alexander Smakula, a Zeiss ɗin dai, ya samo rufin da ya magance wannan warwatsuwa. Gyara ce ta gaske, duniya ta amfana. Amma in takarda ce a cikin akwati, fuskar kuma ta mutumin Dungas ce, ni tsohon zan ɗauka.

Ashe ba kowane aibi ke son gyara ba, kuma rabin gwanintar mai gyara sanin inda zai tsaya ne. 'Yan kumfa da ake gani a cikin tsohon gilashi tun daga tukunyar narki suke, ba sa hana komai. Ƙarzuwa guda, ko mai zurfi ce, a cike ta da baƙar tawada don kada ta watsa haske, a wuce. Gilasan da aka manne da ƙaron wani icen Kanada, in gefensu ya fara yin rawaya yana saki, a tsuke kafar haske a yi aiki da tsakiya. Fumfuna ce ba a yi wa jinkiri, wadda danshin damina ke haifarwa, don in ta daɗe tana cin gilashin kansa. Mafi muni kuwa tsabta ce. Idon dattijon nan, gilashinsa na gaba ya yi hazo da dubban 'yan ƙarce, kuma shi ya yi su, da bakin rigarsa, kullum safe, don ƙauna. Ƙurarmu rairayi ce, rairayi kuwa ya fi gilashi tauri. Hurawa ake fara yi kafin a taɓa. Karin maganar da ke cewa garin neman gira a rasa ido, a nan ba ta bukatar fassara.

To ina gyara ta koma? Yau in saurayi ya miƙa waya ya ce “gyara min hoton nan,” ba hula yake nufi ba, ba kuma na'ura ba. Fuska yake nufi: a haskaka fata, a share ƙuraje, a tsuke hanci. A labarai mun saba jin an yi wa tsarin mulki gyaran fuska, yanzu ka dubi hotunan 'yan takara a jikin katanga ka ga gyaran fuskar na ainihi, dattijo mai jikoki ba ko layi ɗaya a goshinsa. Ana ma ba'a da wanda aka tura wa hoton yarinya ta WhatsApp, ya yi shiri ya je zance, ya gaishe ta ya ce ta kira masa yayarta.

Kada dai mu yi wa mutanen da ƙarya, su ma sun taɓa. Takardar hoto ba ta ganin ja, shi ya sa tagar akwatin ja ce. Masu akwati a wurare da yawa sun san haka, sai su shafa ɗan jan launi a fuskar dodon kafin su sake ɗaukarsa. Wurin da aka shafa ya zama duhu a idon takarda, a hoto na biyu fuska ta fito da haske. Wani don ya rama abin da takarda ta zalunci baƙar fata yake yi, wani kuwa don mai zama ya roƙa. Son a fi yadda ake ba yau ya fara ba. Sai dai wancan yana da iyaka, iyakar buroshi da hannu, mai hoto da mai zama duk sun san an yi, dodon kuma yana nan a matsayin shaida. Yanzu wayoyi da yawa tun kafin ka roƙa sun riga sun goge ka, ba su kuma bar asalin da za a koma a duba ba.

A ɗaya gefen kuma ga hoton hukuma. Lokacin rajistar masu zaɓe da na'ura mai ɗaukar yatsu, gabanin zaɓen 2020, ma'aikaci ne ke ɗaukarka da kwamfuta, layi na jiransa, ba shi da lokacin haɓar kowa. Ka kalli nan, an gama, na gaba. Mun wayi gari da hoto iri biyu, wanda aka gyara har ya daina zama kai, da wanda ba a bar ka ka gyara komai ba. Na akwati a tsakaninsu yake. Mutum ya zo da hularsa, ya gyara ta, ya gyara zama, ya haɗiye numfashi na daƙiƙa biyu, abin da ya fito kuma ya amsa cewa shi ne. In gyara tana nufin an yarda abu ya cancanci a zauna da shi, to wannan da ake yi wa fuska a waya bai cancanci sunan ba. Canji ne, irin na gilashin da ya fashe, kuma ban ga abin da ya fashe a fuskokin 'ya'yanmu ba.

Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna yawo gida-gida, tagulla a kan kilo suke saye, ba ruwansu da abin da aka rubuta a zobe. Duk wanda ke da irin wannan ido a gida, a Dungas ne ko Magarya ko Gumel, kada ya ba su. Kada a ɗiga masa mai, kada a goge shi da riga, kada a bar shi cikin jakar fata da damina, a ajiye shi inda yake bushe. Tsofaffin hotunan da ke ƙasan adaka a fito da su tun masu gane fuskokin suna da rai, a rubuta suna da gari a baya da fensir, don biro yana huda takarda. Idan kuma mai akwatin garinku yana raye, a je a gaishe shi, a tambaye shi ƙirga nawa yake yi da hantsi, nawa da la'asar, nawa ranar hazo, a rubuta.